Albasar Ba Ta Ruɓe Ba, Inna

Inna, albasar ba ta ruɓe ba! Jiya da hantsi muka buɗe ɗakin gabas na rumfar nan da muka gina ni da ke. Na tura hannu cikin tarin har kusa da kafaɗa, na zaro ta can ƙasa, wadda kullum ita ke fara lalacewa, sai ga ta a bushe ƙamas, ɓawonta na ƙara a hannu. Na zagaya na tura ta wani gefen, nan ma haka. Na kai hanci, ba wari. Damina guda ta zo ta wuce a kanta, amma waɗanda muka tsince muka zubar ba su cika kwando ba. Babanki, wanda ya ce tsoho da jikarsa sun haɗa kai za su salwantar masa da noman rani, ya ɗauki ɗaya yana juyawa, yana juyawa, daga ƙarshe abin da ya iya cewa shi ne, "Ikon Allah." Ni kuwa hulata ta faɗa cikin albasa ban ma sani ba, sai da na shiga gida kakarki ta gan ni kai a buɗe, ta ce ko ruɗewar tsufa ce ta fara.

Af, kin ga murna ta sa na faɗo miki ba sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwananki, ina gajiyar hanya? Yaya karatu, yaya malamanki, yaya abokan zamanki na ɗaki? Da fatan kin sauka lafiya, kin tarar da kowa lafiya. Allah ya tsare ki a inda kike, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu nan Ruwan Gizo kowa lafiya, sai godiyar Allah. Kakarki na gaishe ki da kyau, ta ce ki riƙa cin abinci, wai da kika tafi wuyanki ya yi tsawo.

Kin san ban iya dogon zance a waya ba, da na fara sai in ji kamar ana korata. Shi ya sa na zauna da biro. Da hannuna nake rubutawa, da rubutun da na koya bayan na yi furfura, a ajin manya da ake yi bayan la'asar a firamaren garinmu. Babanki zai ɗauki hoton takardun ya tura miki. In kin ga layi ya karkace, ki yi haƙuri, a kan gwiwa nake yi. Kuma kada ki ce har a takarda ma ba zan kama sunanki ba. Sunan mahaifiyata kika ci, Inna kike tun ranar suna, Inna za ki zauna ko da kin zama shugabar jami'ar gaba ɗaya.

To, ga abin da ya sa ban bari murnar ta huce ba kafin in rubuta. Babanki ya gaya mini maganar da kika yi masa ranar da ya kai ki tasha. Kin ce binciken da kika ɗauko ya mutu. Kin yi hutunki kaf kina yawo tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, kina tambayar masu ƙananan sana'o'i ko suna ƙirƙiro sababbin dabaru a aikinsu, kuma ko dabarun na sa sana'ar ta ci gaba. Kin zauna da masu walda, da teloli, da masu ƙuli-ƙuli, da masu gyaran inji, kowa ya ba ki amsa ɗaya: "Haka muka gada." Kika ce tunda ba mai ƙirƙirar komai a ƙasarmu, ba abin da za ki rubuta, kafin wata ya ƙare za ki je wurin malamar da ke duba aikinki ki roƙa a canza miki, ki koma binciken manyan kamfanonin birni. Inna, kada ki je tukuna. Karanta wannan har ƙarshe, sannan ki yi abin da kika ga ya fi.

Muna cikin fitar da albasa jiya sai ga Alhaji Mamman, dillalin nan na Bakura da ke saye a hannunmu. Ya yi sallama, ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa. Ya ga gadon kara da muka ɗaga sama da yadda aka saba. Ya ga dogayen kwandunan kamun kifin nan da muka tsayar a tsakiyar tarin don iska ta riƙa bi ta cikinsu tana fita ta sama. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da sandarsa ya ce, "Malam Abdu, wanga aiki fa? Kwandon kihi cikin albasa? Ina ka samo shi?"

Kin san me ya fito daga bakina? Wallahi ban shirya ba, ban yi tunani ba. Na ce, "Ai haka muka gada."

Ya ce, "Allah ya jiƙan magabata," ya wuce wajen babanki suna maganar mota.

Ni kuwa na tsaya da albasa a hannu kamar an dasa ni. Mahaifina bai taɓa sa kwandon kifi cikin albasa ba. Ke kika zo da maganar iska, kika ce kin karanta cewa zafi da laima ne ke taruwa a tsakiyar tari su ruɓar da ita, sai an yi wa iska hanya. Kika zana mini wani bututu na raga da ba mu da inda za mu samo shi. Ni kuma na tuna da tsofaffin kwandunan da masunta ke yarwa a bakin ruwa, na je na roƙo. Abin bai shekara ba. Hannuna bai warke daga tsagar kara ba. Amma da aka tambaye ni, na ɗauke shi ɗungurum na kai wa mutumin da ya daɗe a ƙasa.

Tun daga lokacin nake juya abin. Me ya sa na faɗi haka? Ba ƙarya na yi niyya ba. Na shiga gida na ba kakarki labari, tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To da mi za ka ce? Ka ce ka fi ubanka wayo?" Na ga wannan ɗaya ne. A wurinmu mutum ya buɗe baki ya ce ni na fara kaza, kamar ya ce waɗanda suka haife shi ba su san abin da suke yi ba. Sannan akwai tsoron baki, kowa ya san ba a son abu ya yi ta yawo a bakin mutane. Akwai tsoron maƙwabci ya kwaikwaya. Amma da na ƙara tonawa, na ga wanda ya fi ƙarfi a zuciyata wani ne daban. Abin gado in ya lalace, sai a ce shekara ce ta zo da haka, a yi maka jaje. Abin da ka ƙirƙiro in ya lalace, kai ne wawa, har jikokinka sai an tsokane su da shi. Don haka muke lulluɓe sabon abu da rigar tsoho, ya samu ya girma ba a sa masa ido ba.

Kin ga ke nan mutanen da kika tambaya ba wai ba su da abin faɗi ba ne. Amsar ladabi suka ba ki, irin wadda ake ba wanda ya ce ina gajiya. Ba wanda ya taɓa cewa akwai gajiya, kuma ba wanda bai gaji ba. Ni kaina na yi shekara da shekaru ina ba da wannan amsa, ina karɓar ta daga wasu, ban taɓa jin ta da kunnena ba sai jiya. Kuma da ba ki tafi da ɓacin ranta ba, da jiyan ma ba zan ji ba.

Bari in ba ki labarin wuraren da na yi tuntuɓe a neman abincina, ko za ki tsinci wani abu.

Lokacin babanki na goye, na ga wani a Mafara ya sa injin niƙa, layi har waje. Na ce ni ma. Na sayar da abin da na sayar, na sayo inji, na kai shi Dakko, garin su kakarki, don a lokacin ba ko ɗaya a can. Kafin in kafa sai da na yi shawara, kada ki ce ban yi ba. Na tambayi surukina, na tambayi liman, na tambayi mazan da ke zama a bakin kasuwa. Duk suka ce a kafa shi nan bakin kasuwa inda kowa zai gani. Aka kafa. Kowa ya gani kuwa, har da masu zuwa daga ƙauyuka su tsaya kallo. Amma niƙa sai jefi-jefi. Ashe matan da ke da hatsin suna can ƙarshen gari, ba sa son aiken yara nesa su ratsa taron maza da ƙwarya a kai. Kuma abin da ya fi damunsu ba gari ba ne, suna da turmi. Markaɗen wake ne na ƙosai da alale, wanda ke cinye musu safiya a kan dutse, injina kuwa busasshe kaɗai yake ci. Sai da na gaji na sayar da shi sannan kakarki ta faɗa mini wannan duka. Na ce, "Kin sani kika yi shiru?" Ta ce, "Ka tambayi liman, ni ba ka tambaye ni ba."

Abin da nake so ki ɗauka a nan: ki tambayi mai hannu a cikin abin, ba mai zama kusa da shi ba. Kuma ki sani sana'o'in ƙasarmu da yawa ba a bakin titi suke ba, suna bayan zaure. Mai kitso, mai daddawa, mai man gyaɗa, mai ɗinkin hula, mai turaren wuta, duk suna ciki. Ni ba zan iya shiga ba, malami namiji ma ba zai iya ba. Ke za ki yi sallama ki shige har gindin murhu. Wannan dama ce da Allah ya ba ki, ban ga kin yi amfani da ita sosai ba, don yawancin yawonki a rumfunan kasuwa kika yi shi.

Na biyu, tumatir. Wata shekara ya yi yawa har ana zubarwa, kowa na yanka yana shanyawa a ƙasa, ya bushe da yashi da kashin awaki. Ni sai na ɗaga gadon kara a bayan gida, na shimfiɗa zana, na shanya nawa a sama. Ya fito ja wur, ba ƙasa ko kaɗan. Ranar Talata na kai Mafara, kafin azahar ya ƙare. Masu saye na tambaya, na ce daga nesa aka kawo mini. Na dawo na ƙara wa bayan gidan shinge don kada a gani. Shekara ta zagayo na sake yi, wannan karon ya yi baƙi, ya yi fumfuna, ya lalace. Me ya jawo? Har yau ban tabbatar ba. Ko na yanka da kauri, ko na cika shi da yawa, ko raɓa ce. Ba wanda zan tambaya, tunda ba wanda na gaya wa. Na rushe gadon na yi makamashi da shi. Bayan shekaru na bi ta wajen Bakura na ga mutane na shanya a sama kamar yadda na yi, nasu na kyau. Na tsaya na daɗe ina kallo, kunya ta hana ni tambaya.

Don haka in kin koma wurin mutane, kada ki nemi abin da ya yi nasara kaɗai. Ki tambayi abin da aka gwada aka bari. Kusan kowane mai sana'a na da irin gadon tumatirina a bayan gidansa, abin da ya fara a ɓoye ya mutu a ɓoye. Ina ji a jikina cewa dabarun da suka mutu a ƙasar nan sun fi waɗanda suka rayu yawa, kuma da yawansu ba don ba su da kyau suka mutu ba, sai don mai su shi kaɗai ne. Amma ji ne kawai nake yi. Ke ce za ki iya bi ki gano ko haka ne.

Na uku ya fi kama da halin da kike ciki. Da na shiga ajin manya, malaminmu ya ce kowa ya fito ya rubuta sunansa a allon bango. Na fito da ƙarfina, na kama alli, na fara daga dama ina tafiya hagu, yadda hannuna ya saba tun makarantar allo. Sunan ya fito a juye. Ajin ya fashe da dariya, har da wani da na girme shi nesa ba kusa ba. Na ajiye alli, na sa takalmina, ban sake komawa ba sai da shekara ta zagayo. Da na koma, malamin ya ce, "Malam Abdu, ai ranar nan kai kaɗai ka rubuta haruffanka duka daidai. Hanya kawai ka sake." Shekara guda na zauna a gida saboda abin da gyaransa bai wuce a ce mini fara daga can ba.

Ke ma haruffanki daidai suke, Inna. Ta inda kika faro ne kawai. Kuma ki duba, mutum nawa kika tambaya, a garuruwa daban-daban, sana'a daban-daban, ba su san juna ba, suka ba ki kalma ɗaya kamar sun haɗa baki? Ni da ban yi zurfi ba ma na ga wannan abin a tsaya a duba ne. Ba hannu wofi kika dawo ba. Kin dawo da abu, kika ɗauka ba komai ba ne.

Yanzu ji abin da ya biyo baya. Maganar ta hana ni sakat, don haka bayan sallar azahar na tari Alhaji Mamman a ƙofar masallaci, mutane na sa takalma. Na ce, "Alhaji, ɗazu ka tambaye ni na ba ka amsar da ba ita ba. Kwandon nan ba gado ba ne. Bana muka fara, ni da jikata mai karatu a jami'a. Ita ta kawo maganar iska, ni na kawo kwando." Da na faɗa sai na ji kamar na fito ba riga.

Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ai na sani. Na san mahaifinka, ko kihi bai ci." Aka yi dariya. Ya ce, "Na dai bar ka ne, tunda haka aka saba."

Kin ji? Ashe mai faɗa ya sani, mai ji ya sani. Ke kaɗai, da kika zo da zuciya ɗaya kina rubutawa, kika ɗauke ta yadda aka faɗe ta.

Ɗanjuma na wurin, mai gyaran injin ban-ruwa ɗin nan na Janbako da kika je rumfarsa, ya zo duba injin maƙwabcinmu. Shi ne fa wanda tun da fetur ya yi tsada yake juya wa manoma injinansu su koma aiki da tukunyar gas. Na ce, "Kai Ɗanjuma, da Inna ta zo wurinka me ka ce mata?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Na ce haka maigidana ya koya min." Alhaji Mamman ya ce, "Maigidan naka da ya rasu tun ba a san tukunyar gas ba a Janbako? A mafarki shina koya maka?" Ɗanjuma ya ce, "To Alhaji, yarinya ta zo da waya tana ɗaukar magana, in ce ni na yi, gobe inji ya kama da wuta a gonar wani, a ce ga muryarsa nan?" Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba mu labarin yadda ya ga an yi wa janareto a birni, ya dawo ya ɓata injinsa na kansa yana gwaji, yadda na farko ya riƙa mutuwa in ya ɗauki ruwa, yadda ya gano inda iska ke shiga. Muka tsaya a rana muna saurare, ba wanda ya tafi. Na ce a raina, ina ma Inna na nan.

Da yamma kuma Tumba mai ƙuli-ƙuli ta shigo wurin kakarki, don labari ya riga ya zaga. Ita ma kin je wurinta, ita ma gado ta ce miki. Ina daga zaure ina jin su. Kakarki ta ce, "Ke Tumba, uwarki ta taɓa ƙulla ƙuli-ƙuli a leda da yaji a gefe?" Ta ce, "Wace leda? Uwata a faranti take saidawa, ƙuda na bi." Ashe ita ta lura matafiya a tasha ba sa son mai ya ɓata musu hannu da riga, ta rage girmansa ya zama na jefawa a baki, ta ƙulle. Yanzu 'yan mata uku ke taya ta suya. Kakarki ta ce me ya sa ba ta faɗa miki ba. Ta ce, "Wannan har wani abu ne? Na ɗauka irin na masu inji take nema."

Ga shawarata, in za ki karɓa daga wanda bai wuce ajin yamma ba. Kada ki ƙara tambayar mutum ko ya ƙirƙiro wani abu. Ki ce masa, "Baba, yaya mahaifinka ke yin wannan aiki?" Zai faɗa miki da daɗin rai, don yabon iyaye ba kunya a ciki. Sannan ki zauna ki kalli hannunsa. Inda hannunsa ya saɓa da labarin da ya ba ki, nan abin da kike nema yake. Ki ce, "Na ga kai ba haka ka yi ba," sai ki yi shiru. Kuma kada ki fito da waya tun a gaisuwa. Ki gaisa har gaisuwa ta ƙare, ki sha ruwan da aka ba ki, ki taya ɓarar gyaɗa in ana yi. In kina son sanin ko sana'a na ci gaba, kada ki tambayi riba, ba mai faɗa miki, ni ma ba zan faɗa miki ba. Ki duba ko an ƙara masu taya aiki, ko an faɗaɗa rumfa, ko masu saye na zuwa daga wani gari. Ki kuma tambayi maƙwabci, don mutum ba ya yabon kansa amma maƙwabcinsa ya san ranar da ya sake kwanon rufi. In kin zo rubutawa, ki rufa wa kowa asiri, kada ki kama sunan wanda bai yarda ba. Tsoron Ɗanjuma ba na banza ba ne.

Iyakar abin da na sani ke nan. Abin da ban sani ba ya fi yawa, kuma shi ke hana ni zama. Me ya sa dabarar Tumba ta kama, tawa ta tumatir ta mutu? Me ya sa wani ke gwadawa, ɗan'uwansa da suka tashi ɗaki ɗaya ba ya gwadawa? Wanda ya yi sabon abu, shi ke cin amfaninsa ko wanda ya kwaikwaya daga baya? Ni labarin mutum uku ko huɗu na sani. Ke aka koya wa yadda ake tara na mutane da yawa a jera, a ga abin da ya haɗa su. Ina son in ji amsar kafin in bar duniya, kuma in kika koma wa kamfanonin birni ba wanda zai nemo mini ita.

Saura magana ɗaya, ita ce babba. Kin tuna da muna gini kika nace sai an raba rumfar biyu? Ɗakin gabas da kwanduna, ɗakin yamma ba kwando ko ɗaya, albasa iri ɗaya, daga fadama ɗaya, aka zuba rana ɗaya. Na yi ta faɗa, na ce in dabarar na da kyau a yi wa duka, in ba ta da kyau a bari. Kika ce, "Kaka, in ba mu bar ɗaya yadda aka saba ba, ta yaya za mu san kwandon ne ya yi aiki ba shekarar ce ta zo da sauƙi ba?" Na ce wannan taurin kai na mai sunanki ne. To jiya, ina tsakiyar murna, maganarki ta dawo mini. Daminar bana ba ta yi nauyin ta bara ba. Wa ya sani ko ɗakin yamma ma lafiya lau yake, kwandunana kallo kawai suka yi? Sai yanzu na gane gadon tumatirina abin da ya rasa ke nan, ba shi da ɗan'uwan da za a gwada shi da shi.

Ban buɗe ɗakin yamma ba. Babanki na so a buɗe yau, kasuwa ta yi kyau, Alhaji Mamman na da mota a hannu, kuma gaskiyarsu ne, albasa ba ta jira. In akwai ruɓa a ciki, kowace safiya ƙaruwa take. Na ce na ji, a ɗauki ta gabas, amma ta yamma ba mai taɓa zanarta sai Inna ta zo ta gani da idonta, ta auna abin da za ta auna. Babanki ya ce, "Baba, kai da ka ce raba rumfar ɓata lokaci ne?" Na ce na tuba. Na samu ya yarda zuwa Talata ta sama, ba ƙari. Ba zan ɓoye miki ba, na je na kafa hanci a jikin zanar ina shinshina, ban gane komai ba, warin albasa dai warin albasa. Kakarki ta kama ni a haka ta ce in ba ni da aikin yi in zo in tsare mata kaji.

Don haka kafin ki je wurin malamarki da maganar canji, ki je mata da wannan takarda. Ki nemi izini ki zo. Ki fito da safe, ki hau motar tasha, kada ki tsaya a hanya, kada yamma ta yi miki a daji, kin san halin da hanyoyinmu ke ciki. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo ki lafiya ya mai da ke lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa albarka a karatunki, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin. Ni ne kakanki, Abdu, da ke Ruwan Gizo.

Kuma ba ke kaɗai ba. Ki gaya wa malamarki ita ma ta zo, akwai tabarma, akwai fura. Ki zo da ƙawayenki na aji, duk mai son gani. Na gaya wa Ɗanjuma, ya ce zai zo da injinsa a kan babur ya kunna miki. Tumba ta ce za ta zo, wai wannan karon ki tambaye ta da kyau. Na aika Dakko, na aika Bakura, na faɗa a ƙofar masallaci da bakina. Wani ya ce, "Malam Abdu, in aka buɗe aka tarar kwandon bai yi komai ba fa, a gaban jama'a?" Na ce to sai mu sani, mu duka, rana ɗaya. Na taɓa yin abu a bayan shinge, na ga ƙarshensa. Wannan a fili za a ɗaga zana, ke ta wannan gefe ni ta wancan. Ko lafiyayya ce ko ruɓaɓɓiya, mu muka yi, ba gado ba ne. Kowa ya zo ya gani!